Ɗan dakon Amurka, masaƙun Kakuri da rashin yarda da 'yan boko

Duk wanda ya saba zama majalisar mai shayi a Tudun Wada ko Rigasa ko Unguwar Sanusi a garin Kaduna ya san inda hirar siyasa take dosa. Ko da tsadar masara aka fara, ko da rashin wuta, kafin a watse sai wani ya ce, "Ai masu ilimin ne suka kashe ƙasar nan." Ba kasafai ake musa masa ba. Abin da ke ɗaure kai shi ne, mai wannan magana sau da yawa shi ne zai yi sammako gobe neman rancen kuɗin makarantar ɗansa, ranar da yaron ya gama jami'a kuwa har walima zai haɗa. Yana zagin 'yan boko da bakinsa, yana sayar da gonar gado don ɗansa ya shiga sahunsu. Masu sharhi a rediyo da jaridu sukan sallami wannan da kalma guda, su ce jahilci ne, ko hassada. Ina ganin sun yi gaggawa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma mutumin da ya fi taimaka mini wajen gano dalilin tsamin wani lebura ne da bai taɓa taka Afirka ba.

Sunansa Eric Hoffer. A New York ya ce an haife shi, kuma bai yi karatun aji ba. Ya shafe shekarun ƙuruciyarsa yana yawon ƙwadago a jihar Kalifoniya: tsinkar auduga da 'ya'yan itace a gonakin wasu, wanke-wanke a gidajen abinci, tonon zinariya a tsaunuka. Duk garin da ya sauka sai ya yanki katin ɗakin karatu na gwamnati. Ya ba da labarin cewa a wani hunturu da ƙanƙara ta tsare shi a kan dutse, ya karanta rubuce-rubucen Bafaranshen nan Montaigne har sau uku, daga nan ya ji shi ma zai iya rubutu. A 1943 ya kama aikin dako a tashar jiragen ruwa ta San Faransisko, ya yi sama da shekara ashirin yana sauke kaya da lodi. A aljihunsa akwai ɗan littafin rubutu, in an tafi hutun cin abinci ya zaro ya rubuta jimla ɗaya ko biyu. Daga waɗannan guntaye ne littafinsa na farko, The True Believer, ya fito a 1951, yana bayanin yadda jama'a suke sallama kansu ga ƙungiyoyin da ke alkawarin juya duniya. Shugaba Eisenhower ya riƙa ba mutane shawarar su karanta shi. A farkon 1983 Shugaba Reagan ya ba shi lambar yabo mafi girma da Amurka ke ba farar hula, ya rasu a watan Mayun shekarar, wata guda bayan rasuwar Malam Aminu Kano.

Abin da ya fi damun Hoffer a sauran rayuwarsa shi ne mutanen da yake kira ma'abota kalma, wato waɗanda da alƙalami da baki suke ci. Bai ce ba su da amfani ba, shi kansa ai cikinsu ya ƙare. Ƙorafinsa ya fi haka kaifi. A ganinsa mai kuɗi in ya sami iko riba yake nema, in ya same ta yakan ƙyale ka ka yi rayuwarka. Mai karatun da ya yi imani cewa shi ya san abin da ya dace da kowa kuwa, biyayya kaɗai ba ta isar sa, so yake ka yarda cewa ya yi daidai, ka kuma gode masa. Talakawa a wurinsa kayan aiki ne da za a gina wani abu da su. Ya ƙara da cewa babu mai tayar da ƙura irin mai karatun da aka hana shi kujera: muddin yana waje shi ne bakin talakawa, ranar da aka kira shi ciki sai murya ta sauya. Ya lura cewa kowace babbar guguwar jama'a masu magana ne suke share mata fage, masu tsattsauran ra'ayi su tayar da ita, sannan masu iya tafiyar da mulki su zo su gaje ta. Game da ƙasashen Asiya da Afirka da ke karɓar 'yanci a zamaninsa, ya yi hasashen cewa 'yan tsirarun da suka yi makaranta za su hau kujerar Bature su riƙa kallon jama'arsu da idon da ya kalle su, ko fiye.

Da wuya a sami garin da ya fi Kaduna dacewa da gwada wannan magana, don tun asali gari ne da aka gina wa ma'aikatan ofis. Turawa sun dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Babu sarki mai tsohon tarihi a tsakiyar garin, babu ganuwa; akwai bariki, akwai layin dogo, akwai sakatariya. Makarantar da aka kafa a Katsina a 1921 don horar da 'ya'yan manya ta zauna a Kaduna daga 1938 zuwa 1949 kafin ta koma Zariya ta zama Barewa, kuma daga cikinta aka sami Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da Umaru 'Yar'aduwa. Daga baya, a shekarun 1970 da 1980, aka riƙa maganar wani gungun manyan ma'aikata da hafsoshi da editoci da ake yi wa laƙabi da Mafiyar Kaduna. Ko akwai ta a matsayin ƙungiya ko babu, abin lura shi ne jama'a sun yarda akwai wasu 'yan kaɗan da suka yi aji ɗaya, suke shan shayi gida ɗaya, suke yanke wa miliyoyi hukunci ba tare da an zaɓe su ba.

A ƙetaren kogi kuma wata Kadunar ce ta tashi. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, sauran suka biyo baya, Nortex da Arewa da UNTL, sai kamfanin haɗa motocin Fijo a 1975 da matatar mai a 1980. Dubban mutane daga kowane lungu na ƙasar nan suka riƙa shiga aiki da jiniya suna fita da jiniya, Bahaushe kusa da Bajju, kusa da Tibi, kusa da Igala. Albashi yana zuwa ƙarshen wata. Da shi aka gina gidaje a Nasarawa da Makera da Kakuri, da shi aka kai yara makaranta. Waɗannan mutane ba labarin tattalin arziki suka ji ba, a cikinsa suka kwana suka tashi, kuma sun ga lokacin da aka rushe shi da takarda da biro.

Yadda aka yi rushewar yana da muhimmanci, don a nan ne tushen rashin yardar yake. Da Janar Babangida ya hau mulki a 1985 sai ya buɗe muhawara: a karɓi bashin Asusun Lamuni na Duniya, IMF, ko kada a karɓa? Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka ce a'a da babbar murya. Gwamnati ta ce ta ji, ba za ta karɓa ba. A 1986 sai ga shirin gyaran tattalin arziki na SAP, ɗauke da kusan duk sharuɗɗan da aka ƙi, an ce wai wannan na gida ne. Masu digirin dokta a fannin tattalin arziki ne suka tsara shi suka kuma kare shi. Naira da ke kafaɗa da kafaɗa da dala ta faɗi zuwa wajen naira 4 a dala ɗaya cikin ɗan lokaci. Masaƙar da ke sayo kayan gyara da sinadarin rini daga waje ta ga kuɗin ya ninka. Wuta ta ƙi tsayawa, baƙin man da ake kunna tukunyar tururi da shi ya yi tsada, aka buɗe ƙofa ga yadin waje a ƙarshen shekarun 1990, na fasa-ƙwauri kuma ya cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Ba SAP kaɗai ya kashe masaƙun ba, akwai sakacin masu gudanarwa da tsofaffin injuna. Amma darasin da ma'aikaci ya ɗauka ɗaya ne: an tambaye shi, ya ba da amsa, aka yi abin da aka ga dama, sannan aka ce masa bai fahimci lissafin ba ne.

Akwai wani dattijo a kudancin garin da ya yi shekaru a ɗakin saƙa, yanzu yana gyaran keken ɗinki a wata rumfa, rediyonsa rataye a ƙusa tun safe. Firamare kawai ya yi, amma zai yi maka bayanin faɗuwar darajar kuɗi da farashin allura da bel ɗin keke, shekara bayan shekara, ba tare da ya duba takarda ba. Bayan an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wani matashi mai bautar ƙasa ya tsaya yana yi masa bayani cikin ladabi.

"Baba, ai tallafin nan ba talaka ne ke cin moriyarsa ba. Masu motoci goma ne da masu fitar da man zuwa Nijar da Kamaru. Ƙasa ba za ta iya ci gaba da biya ba."

Dattijon bai ɗago daga keken da yake kwancewa ba. Ya ce, "Yaro, ban ƙaryata ka ba, lissafinka daidai ne. Tambaya ɗaya gare ni. Wanda ya yi lissafin, tun ranar da aka cire, ya taɓa takawa da ƙafa daga Sabo zuwa Kasuwa don kuɗin mota ya gagare shi? In shirin ya ci tura, me zai rasa?"

Yaron ya ce ai ana iya sauke shi daga muƙami.

"A sauke shi ya koma ina? Waɗanda suka kawo mana SAP, wanne ka ji ya kwana da yunwa?"

A nan maganar take. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a harkar mulkin ƙasar nan wani ke jan ruwan, wani yake jiƙewa. Injiniyan da ya gina gada ta rufta ana iya nuna shi da yatsa. Maƙerin kasuwar Panteka da ya narka tsohon alminiyam ya zuba a ƙasar da ya shata ya fitar da tukunya, in ta yi yoyo matar da ta saya za ta dawo masa da ita gobe a gaban abokan sana'arsa, kuma ya san haka tun yana zubin. Mai tsara manufar gwamnati kuwa kuskurensa yana bazuwa a kan mutum miliyan ɗari biyu, kowa ya ɗauki ɗan kaɗan, babu mai iya dawo masa da shi ƙofar gida. Sauyin takardun naira a ƙarshen 2022 da farkon 2023 misali ne na kusa. An tsara shi a ofis mai sanyi da hujjoji masu kyau a takarda, masu sayar da tumatir da masu ƙosai ne suka yi asarar jari, mutane suka kwana a layin banki suna sayen kuɗinsu da kuɗinsu. Talaka ba ya buƙatar digiri kafin ya gane wannan rashin daidaito, jiki magayi.

Hujjar da ta fi ƙarfi cewa ba ilimin ake ƙi ba tana cikin tarihin siyasar talakawan kanta. Malam Aminu Kano ɗan boko ne na gaske, ya yi Kwalejin Kaduna, ya yi karatu a Landan. Alhaji Balarabe Musa, wanda ya yi gwamnan tsohuwar jihar Kaduna a ƙarƙashin jam'iyyar PRP, ƙwararren akanta ne. Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya riƙe muƙamin sakataren gwamnati a mulkin PRP a tsohuwar jihar Kaduna, malamin jami'a ne kuma jinin sarautar Katsina. Teloli da mahauta da 'yan koli sun bi waɗannan mutane, wasu har kurkuku. Dalili kuwa an ga ruwan yana dukansu su ma. Balarabe ya soke haraji da jangali, majalisar da NPN ta mamaye ta ƙi amince masa da kwamishinoni, ta tsige shi a watan Yunin 1981, ya koma gidansa da gonarsa, kuma har ya rasu a 2020 mutanen Kaduna sun san ƙofar gidan a buɗe take. A gefe guda, NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu Kano, ba ta rayu da 'yan boko kaɗai ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ba ta yi nisa a makaranta ba, gidan yari da dandalin lacca ne suka karantar da ita, kuma ta fi masu digiri da yawa fahimtar abin da ake nufi da 'yanci. Ƙarfin tafiyar ya zo ne daga zaman da waɗannan ɓangarori biyu suka yi a tabarma ɗaya, kowa yana iya ce wa ɗan'uwansa ka yi kuskure.

Takardar shaida kuma ita ma ta zubar da mutuncinta da hannunta. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba, ta sallame su. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar da yadda aka yi korar, ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki. Amma a majalisun unguwa abu biyu aka ɗauka a lokaci guda, kuma ba sa karo da juna. Na farko, ashe mutum zai iya riƙe takarda babu komai a kansa. Na biyu, ashe masu manyan takardu suna iya raba mutum dubu ashirin da abincinsu da sa hannu ɗaya. Shekara biyu kafin nan, da aka tayar da maganar takardar sakandaren Janar Buhari gab da zaɓen 2015, amsar da magoya bayansa suka bayar ta zama karin magana: ko takardar kuɗin wutar NEPA ya kawo za su zaɓe shi. Gaskiya suke nema, sun gaji da masu turanci. Abin da ya biyo baya a shekaru takwas ɗin kowa ya gani, kuma da yawa daga masu waccan magana sun fi kowa kuka daga baya. Zaton gaskiya a mutum ɗaya bai hana ruwan dukan wanda ya saba duka ba.

Nan ne nake rabuwa da Hoffer, ko in ce nan ne ya kamata a karanta shi da taka-tsantsan. Ya ƙawata talaka fiye da kima. Yakan ba da labarin yadda aka kwaso su a mota daga unguwar marasa galihu a Los Angeles lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, aka zube su a gefen dutse don gina hanya, kafin a ankara sun raba aiki a tsakaninsu, wannan kafinta, wannan mai girki, wannan mai tuƙa injin, har ya ce da an so da sun gina Amurka sukutum. Labari ne mai daɗi, kuma duk wanda ya ga yadda 'yan Panteka suke ƙera injin markaɗe da na casar shinkafa daga tarkacen ƙarfe zai gaskata rabinsa. Sai dai iya gina hanya daban, sanin inda ya kamata hanyar ta bi daban. Shi kansa Hoffer ya goyi bayan yaƙin Biyetnam, ya yi kalamai masu kaushi a kan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, kuma masu binciken rayuwarsa sun kasa tabbatar da yawancin abin da ya faɗa game da yarintarsa, har da makantar da ya ce ya yi daga shekara bakwai zuwa sha biyar. Wanda ya koyar da kansa ba shi da malamin da zai ja masa kunne, shi ya sa in ya kama kuskure yakan riƙe shi da ƙarfi fiye da ɗan makaranta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Me ya sa shugabannin Amurka uku, Eisenhower da Johnson da Reagan, suka rungumi ɗan dako? Don a zamanin da malaman jami'a da ɗalibai suke sukar gwamnati, babu abin da ya kai daɗi irin a sami lebura mai kaifin harshe yana cewa malaman jami'a mayunwatan mulki ne. Rashin yardar talaka da masu karatu haja ce mai tsada, kuma masu sayenta galibi wasu masu karatun ne da ke rigima da 'yan uwansu. Wannan shi kansa Hoffer ya faɗa a littafinsa na farko, sai ga shi ya faɗa ramin.

Mun ga irinsa a nan. A 2003 jihohin Kano da Kaduna da Zamfara suka dakatar da allurar rigakafin shan inna saboda jita-jitar cewa an sa maganin hana haihuwa a ciki. Tsoron yana da tushe: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau bai bar zukata ba, kuma mutane suna tambaya mai ma'ana, me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan kyauta alhali asibiti babu maganin zazzaɓi? Amma ba masu shayi ne suka jagoranci ƙauracewar ba. A sahun gaba akwai likita, akwai malamai, akwai 'yan siyasa. Kano ba ta koma ba sai tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yaran da suka shanye kuma 'ya'yan talakawa ne. Sai a 2020 aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar. Rikicin Shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau na 2002 da na bayan zaɓen 2011 su ma haka: masu jawabi da masu rubutu a sama, gawarwaki a Rigasa da Kakuri da Tudun Wada. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna cin abinci a kantin masaƙa ɗaya suka raba gari biyu, kogi a tsakani.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, me ya samar da Hoffer tun farko? Ana son a ce baiwa ce kawai. Amma ƙungiyar 'yan dakon gaɓar yammacin Amurka ta yi babban yajin aiki a 1934, ta ƙwato ikon raba aiki daga hannun 'yan kwangila. Saboda haka ne ya iya yin aikin kwana uku ko huɗu a mako, ya sami abin biyan hayar ɗakinsa guda, sauran kwanakin ya tafi ɗakin karatu. Albashi tabbatacce, ƙungiya mai ƙarfi, littafi kyauta, da abokan aiki da za su yi masa gardama a kan jirgi. In ka cire waɗannan, abin da zai rage lebura ne mai kaifin basira da ya mutu ba wanda ya san shi.

Kaduna ta taɓa mallakar irin wannan makaranta marar allo. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, mutum ɗaya ya saya goma su saurara. An yi yaƙi da jahilci a shekarun 1950, manya suna koyon karatu da yamma. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, har leburan da bai iya rubuta sunansa ba ya san abin da ke faruwa a Kwango da Falasɗinu. Sama da duka akwai ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, mai hedikwata a nan Kaduna, inda masaƙi yake koyon karanta lissafin kamfani don ya san ko da gaske ne babu kuɗin ƙarin albashi, yake koyon tsayawa gaban manaja da hujja. Adams Oshiomhole daga masaƙar Arewa ya fara, ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999, gwamnan Edo a 2008, daga baya shugaban jam'iyya mai mulki. Labarinsa yana nuna ƙarfin makarantar, yana kuma gaskata Hoffer a kan abin da kan faru da murya idan an shiga ciki: wanda ya jagoranci yajin aiki a kan ƙarin kuɗin mai a zamanin Obasanjo, jam'iyyarsa ce ta cire tallafin gaba ɗaya.

Yau jikan masaƙin yana tuƙa Keke Napep ta haya, sai ya haɗa balas ɗin mai ita kafin ya nemi na cefane. Ba shi da ranar hutu, ƙungiyarsa ta karɓar kuɗin tikiti ce. Basirar tana nan, duk wanda ya yi hira da su a go-sulo ya sani. Rashin yardar ma tana nan, ta ma ƙaru. Abin da ya ɓace shi ne wurin da za a tace ta. Ya koma waya, inda saƙon murya na minti uku a WhatsApp ko bidiyon TikTok yake ba shi cikakken bayanin duniya, da maƙiyi guda da za a ɗora wa komai, kuma babu abokin aiki daga wata ƙabila ko wani addini da zai ce masa kai, wannan ƙarya ce. Masu haɗa saƙonnin kuwa sau da yawa matasa ne masu digiri da ba su sami aiki ba, wasu a kan albashin wani ɗan siyasa, daidai mutanen da Hoffer ya ce a yi hattara da su. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 an ga yara a titunan Kaduna da Kano suna ɗaga tutar Rasha, har aka sa dokar hana fita. Yunwar da ta fito da su gaskiya ce. Tutar kuwa wani ne ya ba su.

Sauran jama'a sun zaɓi hanya mafi sauƙi, sun janye. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kimanin kashi 27 cikin ɗari na masu rajista ne suka fita. Masu mulki sukan fassara wannan da rashin wayewa, su ware kuɗin wayar da kai, wato a sake tura masu karatu su yi wa talaka bayani. Bayani ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Gwamnonin jihohin Arewa 19, waɗanda su ne masu KTL, a Kaduna suke taronsu, kuma an sha jin alkawarin farfaɗo da masaƙu daga bakinsu. Tsofaffin ma'aikatan kamfanin sun shafe shekaru suna kai musu kuka a kan haƙƙoƙinsu na sallama tun rufewar 2002, da yawansu sun mutu suna jira, matansu da 'ya'yansu suka ci gaba da bin sawu. Duk jami'in da zai je Kakuri wayar da kai a kan sabon tsarin haraji ko amfanin cire tallafi, wannan bashin za a fara tambayarsa kafin a ba shi wurin zama.